Katakon da Abduljalil Ya Jingine a Bakin Famfo

Ranar Talata, sha biyu ga Sha'aban 1446, wadda ta yi daidai da sha ɗaya ga Fabrairun 2025, Allah ya yi wa Abduljalil Abdulghaffar rasuwa a gidansa da ke Madain Fahd, nan Jidda, jim kaɗan bayan La'asar. Zuciya ce ta tsaya. Daga Allah muke, gare shi kuma za mu koma. Ya bar matarsa Latifatu, da ɗansa Mus'ab, da yayarsa Mastura wadda ta raine shi tun mahaifiyarsu ta rasu. Mai zane ne, irin wanda ake sassaƙawa a katako a shafa tawada a buga a takarda. Ni kuwa sunana Usuman, ni ne wanda ya fi shekara ashirin yana jiƙa masa takarda yana kama masa gefe.

Abduljalil, Abu Mus'ab, ɗanka ne ya kira ni. Ina shago a Sharafiyya, ina haɗa wa wani mai sayar da kayan gyaran mota hatimi. Ya ce, "Ammi Osman, Abuya... halas," wato Kawu Usuman, babana, shi ke nan. Na ce, "To." Abin da ya fito daga bakina ke nan, kamar an ce mini shayi ya ƙare. Na ajiye wayar na ƙarasa hatimin, na gwada shi a takarda, na ga harafi ɗaya bai fito ba na gyara, na miƙa wa mutumin, sannan na ja ƙofa na rufe. A hanya babu danjar da ban tsaya ba.

Washegari muka kai ka Makka aka sallace ka a Harami. Ina cikin waɗanda suka shiga kabari suka karɓe ka. Mutane suna ta cewa Usuman namiji ne, Usuman akwai tawakkali. Ina jin su. Ba tawakkali ba ne. Ji nake kamar ƙafar da aka daɗe ana zaune a kanta, ana taɓawa amma ba ta sani ba. Na ci abinci a ranar, na yi barci, na tashi. Har yanzu da nake wannan rubutu yawancin jikina haka yake.

Na zo Jidda daga Gadarif ta Sudan ina saurayi, aka ajiye ni a shagon hatimi da allunan shaguna inda kake aiki. Na ɗauke ka Balarabe baƙi, don Larabcinka na Hijaz ne tsantsa, har sai ranar da wuƙa ta yanke ka ka ce, "Wash, Allah na." Na ɗago kai na ce, "Ashe namu ne." Ka ce, "Kakana da ƙafa ya zo, kai kuwa da jirgi, saboda haka ka gaishe ni." Daga ranar ba mu daina tsokanar juna ba. Kana cewa Hausata ta sha ruwan Larabcin Sudan har ta kumbura, ina cewa taka ta tsofaffi ce, kalmomin da aka daina faɗa tun zamanin raƙuma kake fitowa da su kamar sababbi.

Lokacin da iƙamata, wato takardar izinin zamana, ta mutu, kafilina da ya tsaya mini kuma ya ɓace, kai ne ka yi ta bin mai shago har ya yarda ya mayar da ni hannunsa. Ba ka taɓa tuna mini ba. Lokacin da mahaifiyata ta rasu a Gadarif babu halin in tafi, na zauna a ɗakina ban san inda zan sa kaina ba, ka zo ka ja ni gidanka, ka shimfiɗa darduma a ƙofa, ka sa aka dafa gahawa, ka sanar da mutane cewa zaman makokin mahaifiyar Usuman a nan ne. Mutanen da ba su taɓa ganinta ba suka yi ta zuwa suna yi mini gaisuwa saboda kai. Da yaƙi ya tashi a Sudan kuma ƙanwata ta iso da 'ya'yanta, ka kwashe katakai da takardunka daga ɗakin aikinka ka jibge su a ƙarƙashin matakala, ka ce su shiga. Kusan shekara guda ba ka buga komai ba. Da na yi maganar ka ce ai hannu ma yana son hutu, alhali ina ganinka kana zana abu da yatsa a kan gwiwarka idan muna zaune.

Mutane da yawa sun san ka da zanen China, amma kaɗan ne suka san yadda aka yi. Mai shago ne ya aike ka Gwanzu sayen injin yankan roba, a kan za ka yi 'yan makonni. Inji ya iso ta jirgin ruwa, kai ba ka iso ba. Wai ka shiga wani shagon takardu ka ga hoto a bango, dutse da ruwa, fiye da rabin takardar fari fat, ka tsaya a gabansa har mai shagon ya kawo maka kujera. Ka tambayi wanda ya yi, aka ce wani tsoho ne can cikin duwatsun kudu maso yamma. Ka hau jirgin ƙasa. Latifatu tana nan da goyon Mus'ab, Yaya Mastura tana kiran waya tana cewa an yi maka asiri, mai shago yana rantsuwa ya kore ka. Ka dawo a rame, da jaka cike da wuƙaƙe da burushi, ba ka kawo wa kowa tsarabar kirki ba.

A yarensu malami ana ce masa lawushi ko wani abu mai kama da haka, kai kuwa ka mayar da shi Malam Laushi, kana dariya kana cewa babu wani laushi a tare da shi, da bayan burushi yake bugun hannu. Ba ku da yare ɗaya, da nuni kuka yi karatu. Sau da yawa ka koma wajensa bayan haka, duk sa'ad da ka sami hutu. Ban taɓa ganinsa ba, ban ma san ko yana raye ba, amma na san shi kamar na san kawuna.

Abin da ka koyo a wajensa zan faɗa a sauƙaƙe, don waɗanda ba su taɓa tsayawa a ɗakinka ba. Katako ɗaya ake amfani da shi daga farko har ƙarshe. A sassaƙe inda ake so ya zauna fari, a shafa launi mafi haske a buga a duk takardun. A wanke katakon, a ƙara sassaƙewa, a shafa launi na biyu a buga a kan na farko. Haka za a yi ta yi, kowane launi yana cin wani ɓangare na katakon, har a zo kan baƙi, lokacin saura kaɗan ya rage a tsaye. Babu komawa baya, don abin da aka buga na farko da shi ya riga ya zama ɓawon katako a shara. Idan aka ɓata a launin ƙarshe, an ɓata duka. Na taɓa tambayarka me ya sa ba za ka yi wa kowane launi katakonsa ba kamar masu hankali, ka ce idan akwai hanyar gyara ba ka mayar da hankali.

Amma ba ka tsaya a zanen tsohon ba. Ka ɗauki ruwan tawadarsu mai bajewa kamar gajimare, da filin nan da suke bari fari, ka haɗa da zanen zamani wanda ba ya kwaikwayon kamannin komai, wanda Larabawa ke cewa tajridi. Sai ka ga takarda mai laushi kamar safiyar bakin teku, kwatsam ga wani shirgegen ja ko baƙi ya ratsa ta, mai kaifin gefe, ba dutse ba, ba gida ba, amma idan ka cire shi a ranka sai komai ya faɗi. Ka gaya mini mahaifinka malami ne, ya hana ka zana mai rai tun kana yaro, ka yi shekaru kana jin kamar an ɗaure maka hannu. A can ka gane ana iya zana kewa da nisa da tsoro ba tare da an zana fuskar kowa ba. Ka mutu ba ka saɓa wa mahaifinka ba, kuma ba ka bar zane ba.

Duk Jidda babu mai raina aikinka kamar Yaya Mastura. Za ta shigo da mayafinta a kafaɗa ta tsaya ta karkata kai ta ce, "Jalilu, esh hada, mene ne wannan? Dutse ne ko shayi ne ya zube?" Ka ce, "Yaya, duk wanda kika gani shi ne." Ta ce, "To sauran takardar fa, gajiya ka yi?" Ka ba ta guda ɗaya ta kai gidanta na Kurayyat ta rataye a falo, kai ƙasa. Na gani na buɗe baki zan yi magana ka taka mini ƙafa. A mota ka ce in bar ta, ta nan ma teku ce. Yana nan a haka har yau. Amma duk baƙon da ya shiga falon sai ta nuna masa ta ce aikin ƙanenta ne, har China ya je ya koyo, ba kowa ke ganewa ba.

Akwai wata rana da nake yawan tunawa yanzu. Sanyin na'ura ya busar da wani katako da ka kusa gamawa, ya tsage daga gefe zuwa tsakiya. Na ɗauko gam da garin katako zan cike, ka riƙe mini hannu. Ka ce ka taɓa yin haka a gaban Malam Laushi ya kusa karya maka yatsu, ya nuna maka da hannu cewa ciko yana shan tawada dabam da katako, duk wanda ya duba zai ga ƙarya a wurin. Ka zauna ka yi ta kallon tsagin, sannan ka ɗauki wuƙa ka sake fasalin sauran aikin ya bi shi. Wancan ne ya fi duk na shekarar kyau. Ni dai a lokacin na ce taurin kai ne, kuma har yanzu ina ganin akwai taurin kai a ciki.

Aikinka na ƙarshe ka sa masa suna Ƙetare. Labarin kakanninka ne, waɗanda suka taso daga ƙasar Hausa da ƙafa suka yi shekaru a hanya, suna noma suna ci gaba, har suka hau kwalekwale a Sawakin suka tsallako Bahar Maliya. Babu mutum a ciki, babu kwalekwale. Mun buga toka-toka mai haske, mun buga koren ruwan teku, mun buga wani ja kamar jan ƙasa da ya ratsa daga hagu ya tsaya a tsakiya. Takardun ba su kai ashirin ba. Saura baƙi. Ka sassaƙe katakon duka ka bar yanki ɗaya mai faɗi a ƙasa, shimfiɗaɗɗe, ka goge shi da burushin waya har jijiyoyin itacen suka taso. Ka ce wannan shi ne gaɓar da suke hange, kuma baƙi shi ne ƙashin zane, idan babu shi nama ne kawai. Wani ɗakin baje kolin zane a Balad, tsohon garin Jidda, yana jiran aikin bayan Ƙaramar Salla. Ranar Talatar nan ka wanke katakon bayan Azahar, ka jingine shi a bakin famfon tsakar gida kusa da ƙofar kicin don ya sha iska, ka aiko mini saƙo in zo da safe mu buga. Ka yi La'asar ka zauna a kan darduma, ba ka tashi ba.

Ka san gidan makoki. Maza a waje ana zuba gahawa ana miƙa dabino, mata a ciki, tukwanen maƙwabta sun haɗu da na gida, ba a san na wane da na wane ba. A rana ta uku aka yi babban girki na shinkafa da nama. Babu wanda ya tuna da katako, har ni. Sai da mutane suka ragu na shiga ɗakinka na ga takardu a jere, na duba inda kake ajiye shi babu. Na duba bakin famfo babu. A kicin Mus'ab ya samo shi, a bayan manyan faranti, an wanke shi tas an kife. Tun kafin ya miƙo mini na ji warin albasa.

Yankin nan shimfiɗaɗɗe, gaɓar kakanninka, duk sawun wuƙa ne. Ƙanana da manya, wasu a jere, wasu sun gitta juna, sun fi yawa a tsakiya inda hannu ya fi sauka. Na riƙe shi ina kallo ina jira in ji wani abu, fushi ko baƙin ciki. Abin da na lura da shi kawai shi ne wuƙar tana da kaifi.

Latifatu tana takaba, daga bayan labule ta yi mana magana. Ta ce Yaya Mastura ce. Allunan yanka sun yi kaɗan, ta fito ta ga tsohon katako mai tabo a bakin famfo, duk an rarake shi, ta ɗauka na kicin ne da ya tsufa. Ta zauna a ƙasa ta yanka albasar girkin gaba ɗaya ita kaɗai, duk wadda ta zo taya ta sai ta kore ta. Latifatu ta ce, "Tun da ya rasu ba ta yi kuka ba sai a kan albasar nan. Don Allah kada a gaya mata."

Mus'ab yana jin Hausa sarai, amma idan ransa ya ɓaci Larabci ke zuwa masa. Ya ce a goge da takardar yashi, ko a cike, ko a sami sabon katako a kwaikwaya, ko ma a ɓoye komai a ce wa mutanen Balad aikin bai kammala ba. Ya ce, "Ammati, gwaggona, tana da hawan jini, ya Ammi. Wallahi idan ta sani ma adri, ban san me zai faru ba." Na ce masa idan aka goge, jijiyoyin da ka taso da su sun tafi. Idan aka cike, ka hana. Idan aka sassaƙa sabo, hannuna ne ba naka ba. Ya ce to me za a yi. Na ce ban sani ba.

Sha'aban ya ƙare, azumi ya kama, ban sani ba ɗin nan tana nan. Kullum idan na taso daga shago sai in biya gidanka, in shiga ɗakin in zauna a kujerarka. In dubi takardu, in dubi katako. Ba addu'a nake yi ba, ba tunani ba, zama kawai. Wani lokaci in kama kaina ina karanta rubutun jikin kwalbar tawada. Na san idan na buga ya ɓaci, na ɓata abin da ka bari na ƙarshe da hannuna, kuma dole wata rana a tambayi dalili a kai ga yayarka. Idan na bari kuwa, na bar maka aiki babu ƙashi.

Yaya Mastura ce ta raba gardamar. Wata Asabar da hantsi ina zaune sai ga ta a bakin ƙofa, ta rame, mayafin ya yi mata yawa. Ba ta gaishe ni ba ta ce, "Ya Osman, ni ba yarinya ba ce. Duk ɗakin da na shiga a gidan nan sai a yi shiru. Me na yi?"

Na so in yi mata ƙarya, bakina ya ƙi. Na ɗauko katakon na ajiye a gabanta na gaya mata. Ta gane shi nan take. Ta zauna a ƙasa, ta sa yatsa tana bin sawun wuƙar ɗaya bayan ɗaya. Ta daɗe a haka. Sannan ta ce, a hankali, "Yana raye ina zagin aikinsa, ya mutu na yanka shi."

Na ce, "Yaya, ba mu sani ba tukuna. Katako ba ya nuna abin da ke cikinsa sai an buga."

"To me ya hana ka bugawa?"

"Tsoro."

"Yalla, buga a gabana. Idan na kashe masa ne in gani da idona."

Na jiƙa takarda ɗaya na bar ta ta yi laushi. Na niƙa tawada a dutsenka. Na shafa da burushi, ina ganin baƙin yana hawa saman katakon yana tsallake ramukan wuƙar. Da na zo ɗora takarda sai na tsaya, don aikin na mutum biyu ne. Shekara ashirin kai ke gogawa ni ina kama gefe don kada ta motsa, yau babu mai kama mini. Na ce mata ta matso ta sa yatsu nan da nan, ta danne, kada ta saki ko me ya faru. Ta danne kamar tana riƙe yaro za a yi masa allura. Na ɗauki magogin nan naka wanda ya lotsa daidai tafin hannunka, bai zauna a nawa ba, na goga daga tsakiya zuwa gefe yadda na sha ganinka kana yi. Ruwan tawada ya jiƙa itacen, sai warin albasa ya taso.

Na ɗaga takardar a hankali na juya ta.

Ba zan ce ya fi wanda ka yi niyya kyau ba, Abu Mus'ab, don ban ga wanda ka yi niyya ba, kuma ba zan taɓa gani ba. Abin da na gani shi zan faɗa. Baƙin ya sauka da nauyinsa, ya riƙe jan da koren, aikin ya tsaya da ƙafafunsa. A cikin baƙin kuma, duk inda wuƙa ta taɓa, koren teku na ƙasa ya leƙo a siraran layuka, da yawa, cunkushe a tsakiya, suna raguwa zuwa gefe. Gaɓar da ka bari babu kowa, yanzu kamar akwai taro a tsaye a kanta.

Yaya Mastura ta karkata kai yadda ta saba. Ta nuna layukan ta ce, "Waɗannan nawa ne?" Na ce nata ne. Ta dubi saman takardar, inda babu komai sai fari, ta ce, "Har yanzu dai bai cike ba. Jalilu ke nan." Muryarta ta karye a kan sunan. Ta ja gefen mayafi ta share ido ta ce, "Albasar nan ce." Albasar da aka yanka tun Sha'aban, aka wanke, ta bushe. Na ce, "Ita ce, Yaya." A lokacin na ga ɗigo a kan teburin kusa da hannuna, na yi maza na janye takardar don kada ta jiƙe, sannan na gane daga fuskata yake zuba. Bai daɗe ba ya tsaya. Amma ya zo, kuma shi ne na farko.

Mun buga sauran a ranakun da suka biyo baya, ni ina gogawa ita tana kama gefe, Mus'ab yana shanyawa. Biyu sun ɓaci, laifin hannuna ne. Da muka gama Mus'ab ya ɗauko jan hatiminka, wanda ka sassaƙa da kanka kake bugawa a kusurwa idan ka yarda da aiki. Ya riƙe shi ya dube ni, na dubi Yaya. Ta ce ba ka gani ba, ba za a ce ka yarda ba. Muka bar kusurwar fara. Mus'ab ya gaya wa mutanen Balad gaskiyar abin da ya faru, suka ce a kawo a haka.

Katakon kuwa aikinsa ya ƙare, irinsa ba ya sake buga komai. Yaya Mastura ta ce a ba ta. Ta naɗe shi a mayafi ta tafi da shi Kurayyat, an ce ta rataye shi a falo kusa da wancan. Ban je na duba ko daidai ta rataye ba, kuma ko na je ba zan yi magana ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Latifatu, Allah ya ba ki haƙuri ya sanyaya miki zuciya, ya saka miki da zaman da kika yi da mutumin da aka aika sayen inji ya dawo da burushi. Mus'ab, Allah ya yi maka albarka ya sa ka gaji halin mahaifinka, ka riƙe 'yar Hausar da ya bar maka ko da tana yi maka nauyi a baki. Yaya Mastura, ke kika raine shi, ke kika dafa abincin makokinsa, hannunki ne kuma na ƙarshe a aikinsa. Allah ya ƙara miki lafiya, kada ki ƙara cewa kin kashe masa komai. Ina gaida 'yan'uwa da maƙwabta na Madain Fahd da Kurayyat, da abokan sana'a na Sharafiyya, da duk wanda ya taɓa shan gahawa a ƙofar gidan nan. Allah ya ba mu ladan haƙuri gaba ɗaya.

Kai kuma Abduljalil, Allah ya jiƙan ka da rahama, ya gafarta maka kurakuranka, ya karɓi alherin da ka yi wa baƙo irina ya ninka maka. Allah ya haɗa ka da iyayenka da kakannin da suka ƙetaro, a gaɓar da babu tsoro a kanta. Allah ya sa idan tamu ta zo mu cika da imani. Ba ka taɓa son matsi ba ko a takarda. Allah ya yalwata maka kabarinka iyakar ganin idonka, ya cika shi da haske. Amin.